Filin Marubuta: Tambayoyinku Kan Yadda Ake Ɗorewa da Rubutu

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk kuka ɗaya suke yi: an fara rubutu da zafi, tafiya ta yi nisa kaɗan, sai aka tsaya. Mun zaɓi shida, mun taƙaita tambayoyin don amsa ta samu wuri.

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce, yarana uku, ƙaramin bai isa yaye ba. Shekara biyu ke nan ina ɗauke da labari a kaina. Nakan zauna rana guda in rubuta shafi goma, sai in yi wata biyu ban ƙara ko layi ba. Ina zan samo lokaci?
*Wata uwargida daga Gusau*

Wa alaikumus salam, uwargida. Shafi goman nan da kike yi a zama ɗaya shi ne yake jawo miki wata biyun da kike zaune. Kin saba wa zuciyarki cewa rubutu sai ranar da babu aiki, babu baƙi, yaro kuma ya yi dogon barci. Irin wannan rana ga mai goyo sau nawa take zuwa a shekara?

Ki fara da mako guda ba ki rubuta labari ba. Ki ajiye takarda, duk lokacin da hannunki ya huta na minti 15 ko fiye, ki rubuta ƙarfe nawa ne da abin da kika gama yi kafin nan. A yawancin gidaje wurare uku ne suke fitowa: bayan Asuba kafin yara su farka, bayan 'yan makaranta sun fita kafin a ɗora girkin rana, sai bayan Isha'i. Ki ɗauki guda ɗaya tak. Mu dai mun fi son na safe, domin na dare shi ne gajiya da hira da ɗaukewar wuta suka fi cinyewa. Ki bar dare ga karanta abin da kika rubuta da tunanin na gobe.

Kada ki ɗaure zaman da agogo, ki ɗaure shi da wani aiki da ba ya wuce ki. “Da na idar da Asuba na gama azkar” ya fi “ƙarfe biyar da rabi” ƙarfi, saboda lokacin Asuba yana matsawa tsakanin bazara da hunturu, jariri kuma bai san agogo ba.

Sai adadi. Ki yanka wa kanki kalma 200 a rana, kwana shida a mako. Idan da hannu kike rubutu, ki cika shafi ɗaya na littafin makaranta ki ƙirga kalmominsa sau ɗaya, daga nan kin san inda 200 take tsayawa, ba sai kin sake ƙirga ba. Za ki ga kamar abin ya yi kaɗan, to duba lissafi: 200 sau shida 1,200 ke nan a mako, a mako 48 kuma 57,600. Shafi goma duk wata biyu shafi 60 ne a shekara, ko da kowane shafi yana ɗauke da kalma 200 bai wuce 12,000 ba. Gajeren labari mai kalma 1,500 kuwa a kwana takwas za ki fitar da zubinsa na farko, idan kina da niyyar shiga gasa irin Hikayata da BBC Hausa ta fara shirya wa mata a 2016.

Ga inda tsarin yakan lalace. Mako ya yi kyau, sai mutum ya ɗaga adadin zuwa 1,000, ranar da ya kasa cikawa sai ya ji ya faɗi, ya watsar da komai. Adadin da za ki riƙe shi ne wanda za ki iya cikawa ranar da yaro ya kwana yana zazzaɓi. In kin wuce shi wata rana, riba ce, gobe kuma 200 ce dai. Sannan akwai ramuwa. Rubutu ba azumi ba ne da za a ce sai an rama. Ranar da ta kuɓuce ta tafi, ki zauna washegari ki yi na ranar kawai. Abin da za ki tsare shi ne kada kwana biyu su wuce a jere. Na ƙarshe, kayan aiki: littafi da biro su zauna wuri guda, inda hannunki yake kai amma na yara ba ya kai. Minti biyar na neman biro ya isa ya kashe zaman minti ashirin. Idan a waya ne, ki rufe data kafin ki buɗe shafin.

Ki kuma gaya wa maigida da manyan yaran cewa wannan ɗan lokacin naki ne. Abin da aka ɓoye a gida shi ne kowa yake takawa ba da sani ba.

Ina sakin littafi a WhatsApp da Wattpad, dandalin da marubuta suke sakin labarai a intanet, wasu ma sun biya kuɗi. Kullum sai na saki shafi, in na yi latti saƙonni su yi ta shigowa. Yanzu na gaji, labarin ya cakuɗe, har sunan ƙanwar jarumata na canja ban sani ba sai da masu karatu suka nuna mini. Me zan yi?
*Wata marubuciya daga Kano*

Malama, hannu baka hannu ƙwarya kike yi da labarin: abin da kika rubuta da safe shi kike saki da yamma. Manomi ba ya rayuwa a haka, shi ya sa yake da rumbu. Ke ma rumbu kike buƙata, wato shafukan da aka gama rubutawa ba a sake su ba tukuna.

Abu na farko, ki sanar da hutun mako biyu, ki faɗi ranar dawowa, ki kuma dawo a ranar. Masu karatu suna haƙuri da hutun da aka sa wa rana. Shirun da ba bayani ne yake ɓata suna. A cikin hutun, kwana uku na farko kada ki rubuta sabo. Ki karanta duk abin da kika saki tun daga farko da littafin rubutu a gefe, ki buɗe wa kowane mutum a labarin shafinsa: suna, laƙabi, shekaru, sana'a, unguwa, dangantakarsa da sauran, da yadda kowa yake kiransa. Wannan na ƙarshen marubuta da yawa suna raina shi, alhali a gidan Bahaushe mutum ɗaya yana iya amsa suna huɗu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, matar aure tana da abin da take kiran mijinta, ƙanne suna cewa Yaya, abokai suna da nasu. Uwar da ta yi alkunya a shafi na 5 ta zo ta ambaci sunan a shafi na 40 ba dalili, mai karatu zai ji wani abu ya goce ko da bai gane mene ne ba.

Ki ware shafi biyu kuma ga lokaci. Yaushe aka ɗaura aure, yaushe ciki ya shiga, wace Sallah ce ta wuce, damina ake ko rani. A labarai masu tsawo nan ne kuskure ya fi ɓuya: cikin da ya shekara biyu, idda da ta ƙare a mako uku, ruwan sama da ƙurar hunturu a mako ɗaya. Daga yanzu duk shafin da kika gama, ki rubuta abin da ya faru a cikinsa a layi biyu kafin ki tashi.

Sauran kwanakin hutun ki cika rumbu. Idan kin dawo, ki koma saki sau uku a mako. A ce ƙarfinki kalma 1,000 ne a rana, kwana shida, 6,000 ke nan. Ki saki shafi uku masu kalma 1,500, wato 4,500. Ragowar 1,500 shafi guda ne yake shiga rumbu duk mako, a mako goma kin tara goma a kan na hutun. Duk sa'ad da rumbun ya sauka ƙasa da shafi huɗu, ki rage saki zuwa sau biyu har ya farfaɗo. Da wannan ne rashin lafiya, biki, rasuwa ko lalacewar waya ba za su tsayar da ke ba. Akwai wata fa'idar da ta fi wannan: in kina rubuta shafi na 30 kika gane ya kamata a dasa wani abu tun a na 24, za ki iya komawa ki dasa muddin na 24 yana hannunki. Abin da aka saki ya fita.

Sharhin masu karatu kuwa ki duba shi sau ɗaya a rana, bayan kin gama rubutun ranar. Wanda ya karanta sharhi kafin ya rubuta, sharhin yake amsawa. Yau su ce a saki kishiya, gobe su ce a kashe uwar miji, ki wayi gari labarin ya zama na mai yawan surutu a zauren. Ra'ayinmu game da kuɗi kuma a fili yake: wanda ya biya ya ba ki amana, don haka littafi na gaba kada ki karɓi ko sisi sai kin rubuta ƙarshensa, ko da a taƙaice ne, kin kuma tara aƙalla shafi goma.

Babi na ɗaya na sake rubuta shi ya fi sau goma sha biyar. Duk lokacin da na zauna sai in fara karantawa daga farko, in ga aibu, in hau gyara, lokaci ya ƙare. Ban taɓa wuce babi na uku ba.
*Wani ɗalibi daga Damagaram*

Taura biyu ba ta taunuwa, ɗan'uwa. Zuba labari aiki ne, gyara shi wani aikin ne daban, kuma idon da yake gyara ba ya barin hannu ya yi gaba. Ƙari a kan haka, babi na ɗaya ba ya gyaruwa sai an san ƙarshe, domin aikinsa shi ne ya buɗe ƙofar abin da zai zo. Kana ta share ƙofar gidan da ba a gina ba.

Ka yi wa kanka doka: idan ka zauna, sakin layi biyu na ƙarshe kawai za ka karanta, sai ka ɗora. In ka tuna wani gyara a baya, kada ka koma. Ka rubuta shi a shafin ƙarshe na littafinka, misali “babi na 2, a mayar da mahaifin direba”, ka ci gaba kamar an riga an gyara. In kalma ta ɓace maka, ko sunan gari, ko kana buƙatar bincike, ka sa XX a wurin ka wuce. Harafin x ba ya cikin baƙaƙen Hausa, saboda haka ranar gyara da ka neme shi a waya ko kwamfuta, guraben da ka bari kaɗai za su fito.

Kada ka tashi a ƙarshen babi. Ka tsaya a tsakiyar fage, inda ka san abin da zai biyo baya, ka bar wa kanka layi ɗaya: “gobe, ta buɗe akwatin ta tarar ba kuɗin.” Farin shafi ne yake da wuyar farawa, rabin jimla ba ta da wuyar ƙarasawa.

Idan duk da haka ka maƙale, sau da yawa ba baiwa ce ta ƙare ba, sani ne ya ƙare. Ka kai jaruminka kotu ba ka san yadda ake gabatar da shaida ba, ko ka kai shi kasuwar dabbobi ba ka san yadda dillali yake sa baki a ciniki ba. Maganin wannan ƙafa ce: ka je ka zauna, ka tambayi masu abin, ka rubuta kalmomin da suke faɗa. In kuwa sanin yana nan, ka tambayi fagen abu uku. Me mutumin nan yake so yanzu? Wa ya tare masa hanya? Me zai rasa in bai samu ba? Fagen da ba shi da amsar waɗannan, tsallake shi.

Ranar da ka kai ƙarshe, ka rufe littafin mako uku. Sannan gyara zagaye uku, kada ka haɗa su: na farko ginin labari, abin da za a cire da abin da za a matsar, na biyu jimloli, kana karantawa da murya, domin kunne yana kama abin da ido ya wuce, na uku ƙa'idojin rubutu.

An ƙwace mini waya, littafin da na yi wata takwas ina rubutawa yana ciki. Ba ni da kwafi ko'ina. Ta yaya zan kauce wa irin wannan nan gaba?
*Wani matashi daga Kaduna*

Allah ya mayar maka da alheri, ya kuma kiyaye gaba. Kafin maganar nan gaba, akwai aikin wannan makon: ka zauna ka rubuta taƙaicen kowane babi da duk zancen da kake iya tunawa, tun ƙwaƙwalwa tana riƙe da shi. Ka tuntuɓi duk wanda ka taɓa tura wa wani yanki. Ka kuma shiga asusun imel ɗinka a wata wayar ka duba, domin wasu manhajojin rubutu suna ajiye kwafi a can ba tare da mai wayar ya lura ba.

Daga yanzu rubutunka ya zauna a wuri uku. Na farko inda kake aiki. Na biyu a intanet: ko dai ka riƙa rubutu a manhajar rubutu ta Google Docs, wanda yake aiki ba data in an saita shi, ya kuma aika da kansa da zarar an buɗe, ko kuma kowane dare ka tura wa kanka abin da ka rubuta ta imel. Rubutu zalla ba ya cin data, kalma 2,000 ba ta kai nauyin hoto ɗaya ba. Na uku a wajen wayar baki ɗaya, filash ko kwamfutar wani amintacce, duk ranar Juma'a. Katin memori da yake cikin wayar ba ya shiga lissafi, tare ake tafiya da su. Ka riƙa sa kwanan wata a sunan kowane kwafi, kada sabo ya hau kan tsoho.

WhatsApp ba ma'ajiya ba ce. Canjin waya ba tare da an yi ajiya ba, ko saƙonni masu gogewa da kansu, suna iya share aikin shekara. Kalmar sirrin imel ɗinka ka rubuta ta a takarda ka adana a gida, domin mutane da yawa kwafinsu yana nan lafiya amma sun rasa hanyar shiga. Masu rubutu da hannu su ma su riƙa ɗaukar hoton shafuka duk mako. Gara da yoyon ɗaki ba sa tambayar wata nawa aka yi ana wahala.

Haruffa masu ƙugiya da rabon kalmomi suna rage mini sauri. In bar su sai ƙarshe?
*Wani malamin makaranta daga Maraɗi*

Malam, ka raba su biyu. Ƙugiya ka sa ta tun a zubin farko. Dalili shi ne ba za ka dogara da na'ura ba cewa za ta zo daga baya ta san fada kake nufi ko faɗa, kasa ko ƙasa, bari ko ɓari. Sai ka bi littafin kalma-kalma, kuma sai wasu sun zille. Ka ƙara Hausa a cikin harsunan allon rubutun wayarka, Gboard, allon rubutu na Google, yana da ita. A wasu wayoyin sai ka danna k, d ko b ka riƙe sannan mai ƙugiyar ya fito. Mako biyu hannu zai saba. Ka kuma tsayar da tsari ɗaya tun farko: a Nijar ana rubuta ƴaƴa, a Nijeriya 'ya'ya. Ka duba inda za a buga littafin ka bi nasu har ƙarshe.

Rabon kalmomi shi ne zai iya jiran zagaye na uku na gyara. Kurakuran sanannu ne: yace maimakon ya ce, shine maimakon shi ne, inason maimakon ina son. Ka neme su ɗaya bayan ɗaya, amma kada ka ba na'ura umarnin canja duka a lokaci guda. Itace na girki zai koma ita ce, tace koko ya koma ta ce koko, dashi na gona ya koma da shi. Haka ma “akan yi” da “a kan tebur”, kowanne daidai ne a wurinsa. Ka rubuta kurakurai goma da ka fi yi a bangon littafinka, ka riƙa farautarsu a kowane gyara. Inda ka yi shakkar kalma, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006 yana raba gardama.

Ina rubutu a shago tsakanin masu saye. Da azumi ya zo komai yakan tsaya, bayan Sallah kuma in kasa dawowa. Ga wuyana da idona suna ciwo.
*Wani ɗan kasuwa daga zangon Kumasi*

Alhaji, ka tanadi adadi biyu tun kafin a ga wata: na kullum, da na lokacin matsi. Na matsin jimla uku ne ko minti biyar, amfaninsa kawai kada labarin ya huce a kanka. Kwana ashirin na farko ka yi wannan, da hantsi kafin kasuwa ta cika kuma kafin yunwa ta taso. Goman ƙarshe ka rufe littafin da gangan ka fuskanci ibada, amma ka rubuta ranar dawowa a kan shafin da ka tsaya, misali kwana uku bayan Sallah, tare da layin abin da zai faru a gaba. Ranar dawowar karatu kawai za ka yi na babi biyu na ƙarshe, washegari rabin adadi, rana ta uku cikakke.

Ciwon wuya daga sunkuyo ne. Ka jingina wayar a kan kantar shagon ko kwali ta kusa daidai da idonka, in da hali ka sayi ƙaramin kibod da ake haɗawa da waya, yatsu goma su raba aikin da manyan yatsu biyu suke yi. Duk minti 20 ka ɗaga kai ka dubi wani abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, ka kuma daina rubutu a waya cikin duhu da hasken fuskarta a ƙure. Idan yatsu suka fara mutuwa ko suna tashinka da dare, ko gani ya ci gaba da dishi-dishi bayan ka huta, ka ajiye rubutun ka je asibiti a duba ka.